Jagora Ga Mai Neman Digiri Na Biyu Ko Na Uku A Kimiyyar Siyasa Da Nazarin Tsaro

Duk wanda ya tashi a Maiduguri ko Gusau ko Diffa, ba sai malamin jami'a ya yi masa bayanin rashin tsaro ba. Ya san shingen sojoji a hanya, ƙila ma ya san gidan da aka haɗa wa kuɗin fansa. Shi ya sa matasanmu da yawa, da zarar sun gama bautar ƙasa, hankalinsu ke karkata ga wannan fanni. Lallai kuwa suna riƙe da abin da ɗalibin Landan zai shekara yana nema bai samu ba: harshe, da sanin gari, da mutanen da za su yarda su buɗe masa baki. Sai dai kwamitin da ke tace takardun masu neman gurbi ba ya ba da maki don abin da idonka ya gani. Yana duba ko za ka iya mayar da wannan sani ya zama tambayar da za a bincika a kawo hujja a kai. Matakan da ke biye duk a kan haka aka ɗora su, kuma maganar ta shafi mata kamar yadda ta shafi maza.

Mataki na farko: tantance irin digirin

Digiri na biyu iri biyu ne, kuma a nan mutane suka fi asarar shekaru ba su ankara ba. Akwai na ilimi zalla, wanda ake kira M.Sc., ana yin darussa sannan a rubuta kundin bincike a kare shi gaban malamai, har da mai jarrabawa daga wata jami'a. Akwai kuma na ƙwarewar aiki, irin MIAD da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke bayarwa a harkokin ƙasashen duniya da diflomasiyya, wanda ya fi dacewa da ma'aikata da jami'an tsaro da 'yan jarida. Na biyun ya fi sauƙin haɗawa da aiki, amma a yawancin jami'o'in Najeriya ba ya kai mutum kai tsaye zuwa digirin digirgir, wato digiri na uku. Sai a ce ka koma ka yi M.Sc. ko M.Phil. tukuna. Don haka kafin ka sayi fom, taka har sashen ka tambayi malamin da ke kula da manyan ɗalibai baki da baki: "Ranka ya daɗe, da wannan digirin ana shiga digirgir?"

Amsar da kake so ta dangana ga inda ka dosa. Mai son koyarwa a jami'a ba shi da makawa sai ya kai digirgir. Mai son aiki a ECOWAS ko Tarayyar Afirka ko Majalisar Ɗinkin Duniya, ko cibiyoyin bincike irin su CDD da IPCR a Abuja, NIIA a Legas, ISS da Crisis Group, digiri na biyu mai kyau ya ishe shi idan ya haɗa da Faransanci da iya rubutu.

A gida yawanci ana neman sakamako mai daraja ta biyu, da takardar kammala bautar ƙasa ko ta yafewa, da kiredit biyar na sakandare. Wanda ya fito daga wani fanni dabam, ko mai HND, sai ya bi ta difloma ta PGD. A Nijar da sauran ƙasashe masu Faransanci tsarin LMD ake bi: shekara 3 digirin farko, 2 na biyu, 3 na uku.

Mataki na biyu: samo tambayarka

Wannan shi ne ginshiƙin tafiyar, kuma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Je ɗakin ajiye kundaye na kowane sashe, za ka tarar da jerin take iri ɗaya: tasirin rashin tsaro ga ci gaban ƙasa, illar ta'addanci ga tattalin arziki. Irin wannan take an san amsarsa tun ba a fara ba. Wa zai ce rashin tsaro ya amfani ci gaba?

Ɗauki misali ɗaya ka ga yadda ake ƙunƙunta batu. A watan Satumbar 2021 an katse layukan waya a Zamfara, bayan an rufe kasuwannin mako-mako an kuma hana sayar da fetur a jarka. Daga baya wasu ƙananan hukumomi a Katsina da Sakkwato da Kaduna suka bi sahu. Ga tambaya nan: shin hare-hare sun ragu a inda aka katse layi, ko dai 'yan bindigar ƙaura kawai suka yi zuwa maƙwabta? Kana da wuraren da aka katse da waɗanda ba a katse ba, kana da kafin da bayan, wato akwai abin kwatantawa. Sannan ga tarkon da ke ciki. Rumbunan bayanai masu tattara alƙaluman hare-hare, irin su ACLED, sun fi dogara da rahoton kafafen labarai da na majiyoyin gari, kuma idan babu waya, labarin harin ƙauye ba ya isa birni. Alƙaluma za su nuna sauƙi, alhali ƙila shiru ne kawai. Ɗalibin da ya hango wannan a daftarinsa, ya kuma faɗi yadda zai cike giɓin da hirar mutanen da suka zauna a wurin lokacin, ya riga ya nuna wa kwamiti cewa ya iya tunanin mai bincike.

Idan ɓangaren ƙasa da ƙasa ya fi jan hankalinka, abin yana bakin ƙofa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta rufe iyaka ta kuma yanke wuta, har zuwa farkon 2024 da aka janye. Nijar da Mali da Burkina Faso suka kafa ƙawancen AES, suka fice daga ECOWAS a watan Janairun 2025. Me ya sa takunkumin bai mayar da hamɓararren shugaba Bazoum kan mulki ba? Wa ya fi jin jiki tsakanin Jibiya da Maraɗi, ko Illela da Birnin Konni? Yaya haɗin gwiwar rundunar ƙasashen Tafkin Chadi mai hedikwata a N'Djamena ya kasance bayan haka? Kowace daga cikin waɗannan ta isa kundi guda, kuma ba kowa ne zai iya zama a tashar Jibiya ya yi hira da direbobin da suka ga abin da idonsu ba.

Rubuta tambayarka a jimla ɗaya da ta fara da "me ya sa" ko "ta yaya". Idan ta ƙi shiga jimla ɗaya, ba ta nuna ba tukuna.

Mataki na uku: kayan aiki

Hausawa na cewa in kana da kyau ka ƙara da wanka. Sanin gari kyau ne, wankan kuwa dabarun bincike, kuma a nan ne digirin farko na yawancinmu ya bar mu a baya. Kimiyyar siyasa ta yau, musamman a Amurka, ta cika da ƙididdiga. Manhajar ƙididdiga ta R kyauta ce, darussanta sun cika intanet, kuma za ka iya koyo da bayanan gaske: na ACLED, na UCDP da ke Jami'ar Uppsala ta Suwidin, na SIPRI kan kuɗin makamai, da na Afrobarometer kan ra'ayin jama'ar Afirka. Ko da hira za ka dogara da ita, dole ka iya karanta teburin alƙaluma ka gane inda aka yi zuƙi ta malle. Sauke manhajar Zotero tun yanzu domin tsara manazarta.

A ɓangaren ra'ayoyi, ka san su Morgenthau da Waltz da ke kallon tsaro a matsayin ƙasa na tsoron ƙasa. Ka san Mohammed Ayoob, wanda ya nuna cewa a ƙasashe irin namu barazanar daga cikin gida ta fi fitowa, domin ginin ƙasar kansa bai kammala ba. Ka san Buzan da Wæver kan yadda masu mulki ke laƙaba wa batu sunan tsaro don su sami damar ɗaukar matakan da ba a saba ba, da rahoton hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNDP, na 1994 da ya yaɗa batun tsaron ɗan Adam. Kada ka tsallake na gida, irin su Claude Ake da Yusufu Bala Usman. Abin da ke ba ni takaici a kundaye da yawa shi ne a jibge ra'ayi a babi na biyu don cika sharaɗi, sannan ba a sake jin ɗuriyarsa har ƙarshe.

Sai Faransanci. Nijar, Chadi, Kamaru, Binin, duk maƙwabtan Najeriya da shi suke aiki, kuma kaso mai tsoka na rubuce-rubuce kan Sahel da shi aka yi. Akwai Alliance Française a Kano. Nufi matakin B2 na jarrabawar Faransanci ta DELF, shi jami'o'in Faransa suka fi nema. Ɗan Nijar kuma sai ya juya maganar, ya dage da Turanci.

Mataki na huɗu: zaɓen makaranta

Bi malami, kada ka bi suna. Duba jerin malaman sashen, ka ga wa ya rubuta abu kusa da tambayarka a 'yan shekarun nan.

A gida akwai sashen kimiyyar siyasa na Zariya, da na Jami'ar Bayero ta Kano wadda ke da cibiyar Mambayya, da Jami'ar Ibadan da ta yi suna a nazarin zaman lafiya da rikici. Makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA a Kaduna tana ɗaukar farar hula a karatun gaba da digirin farko, kuma a aji za ka zauna da mutanen da suka je fagen fama. Amfanin karatu a gida arha da kusanci da filin bincike. Matsalarsa lokaci: yajin aikin ASUU na 2022 kaɗai ya ci wata takwas, kuma mai duba aiki na iya riƙe babi ɗaya wata da watanni. Tambayi tsofaffin ɗalibai wane malami ne ke dawo da aiki a kan kari; sun fi kowace takardar talla sanin gaskiya.

A cikin Afirka akwai cibiyar KAIPTC a Akara mai digiri kan rikici da zaman lafiya da tsaro, da LECIAD a Jami'ar Ghana da ke Legon, da IPSS a Jami'ar Adis Ababa, birnin da hedikwatar Tarayyar Afirka take, da IRIC a Yawunde. A Yamai akwai Jami'ar Abdou Moumouni da cibiyar LASDEL da ta shahara a binciken zama cikin jama'a. Mutanenmu na tsallake waɗannan da gaggawa, alhali ga mai son aiki a nahiyar, mutanen da zai sani a Akara ko Adis sukan fi masa amfani.

A Birtaniya digiri na biyu shekara ɗaya ne. King's College ta Landan na da sashen nazarin yaƙi tun 1962, da Cibiyar Shugabanci ta Afirka wadda Farfesa Funmi Olonisakin ta kafa. Bradford ta shahara a nazarin zaman lafiya, St Andrews a nazarin ta'addanci, Aberystwyth kuwa can aka fara kafa kujerar farfesa ta siyasar duniya a 1919. Sciences Po ta Paris na da digiri kan tsaron ƙasa da ƙasa da ake iya yi da Turanci.

Digirgir ta bambanta sosai. A Birtaniya shekara 3 zuwa 4 ce, kuma da daftarin bincikenka ake shiga. A Amurka shekara 5 zuwa 6 ce, biyun farko darussa ne da jarrabawa, ana iya shiga da digirin farko, kuma manyan jami'o'i su ke yafe kuɗin makaranta su kuma biya alawus. Shawarata a nan a fili take: kada ka biya wa kanka digirgir a ƙasar waje. Sannan dokokin bizar Amurka sun tsananta tun 2025, har an hana 'yan Chadi da Sudan shiga a watan Yuni na shekarar, don haka duba matsayin ƙasarka kafin ka kashe ko sisi a kan fom.

Mataki na biyar: takardu

Fara da takardar sakamakon darussa, wadda ake kira tiranskirif, domin ita ce ba ta hannunka. A wasu jami'o'i sai ka biya, ka bi fayil daga sashe zuwa ofishin jarrabawa, a ce maka mai sa hannu ya yi tafiya. Ba ta wata shida. Sabunta fasfo a lokaci guda, kuma tabbatar sunanka iri ɗaya ne a ko'ina. Muhammad a wata takarda, Mohammed a wata, ya isa ya jawo maka zirga-zirgar rantsuwa a kotu.

Sakamakon jarrabawar Turanci ta IELTS da TOEFL shekara biyu yake aiki, na GRE, jarrabawar neman gurbi da wasu jami'o'in Amurka ke nema, shekara biyar. Yawancin sassan wannan fanni na neman 6.5 zuwa 7.0 a IELTS. Wasu jami'o'in Birtaniya na karɓar sakamakon Turanci na WAEC a madadinsa, saboda haka tambaya kafin ka biya.

Wasiƙar shaida daga malamin da ya duba aikinka na digirin farko ta fi ta sanata ko hakimi nesa ba kusa ba. Kwamiti na son wanda zai ce ya karanta rubutunka. Je ka gaishe shi da wuri, ka ba shi takardunka da tambayarka, ka tuna masa ranar rufewa cikin ladabi.

A bayanin manufa kada ka fara da cewa tun kana yaro kake son zaman lafiya. Fara da tambayar, ka faɗi abin da ka riga ka yi a kanta, sannan dalilin da ya sa sai wannan sashe, har da sunan darasi ko malami. Ambaci harsunanka a matsayin kayan aiki: Hausa, Fulfulde, Kanuri, Larabci, karanta ajami. Idan digirgir ce a Birtaniya ko Turai, rubuta wa malamin kafin ka cike fom. Layi shida sun isa: wane ne kai, wace maƙalarsa ka karanta da abin da ta sa ka tunani, tambayarka, sai ko yana ɗaukar ɗalibai a bana. Haɗa da daftari mai shafi biyu. Wasiƙar da aka aika wa farfesa talatin iri ɗaya, suna gane ta daga layin farko. Haka nan rubutun da dillalin gurbi ko na'ura ta yi maka, ranar hira ta baki asiri ke tonuwa.

Mataki na shida: kuɗi

Digiri na biyu a Birtaniya kan kai fam 20,000 zuwa sama da 30,000, ban da masauki, da harajin lafiya na fam 776 a shekara, da gwajin tarin fuka, da kuɗin da sai sun kwana 28 a asusu kafin biza. Tun Janairun 2024 mai digiri na biyu na darussa ba ya tafiya da iyali, abin da magidanci da matar aure ya kamata su tattauna a gida tun da wuri. A Jamus yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin makaranta, amma biza na neman a ajiye kusan yuro 12,000 na shekara a rufaffen asusu.

Tallafin Chevening na buɗewa a Agusta ya rufe a Oktoba ko farkon Nuwamba. Yana neman shekara biyu ta aiki, wato awa 2,800, da alƙawarin dawowa gida na shekara biyu. Na Commonwealth a Najeriya ta Hukumar Tallafin Karatu ta Tarayya ake bi, akwai kuma nau'in da ake nema ta jami'a. DAAD ta Jamus na da shirin Helmut Schmidt kan mulki da manufofin gwamnati, ana nema a tsakiyar shekara. Na gwamnatin Turkiyya daga Janairu zuwa Fabrairu ne, da shekarar koyon Turkanci, kuma yana da iyakar shekaru: ƙasa da 30 a digiri na biyu, ƙasa da 35 a na uku. Rotary na ɗaukar nauyin digiri na biyu kan zaman lafiya a Bradford da Uppsala da wasu wurare. Eiffel na Faransa jami'a ce ke miƙa sunanka, ba kai ba. Ɗalibin digirgir a jami'ar gida ya duba tallafin Next Generation na cibiyar binciken zamantakewa ta Amurka, SSRC, da shirye-shiryen takwararta ta Afirka, CODESRIA, da ke Dakar. Malaman manyan makarantu suna da hukumar tallafa wa manyan makarantu ta TETFund, sai dai ta dakatar da tura mutane waje daga farkon 2025.

Ma'anar wannan jadawali ita ce, wanda ke son shiga aji a Satumbar baɗi, a Maris ko Afrilun bana zai fara: tiranskirif da fasfo da bazara, jarrabawar Turanci da rubutu da damina, miƙa takardu da kaka. Jami'o'in Amurka yawanci a Disamba suke rufe ƙofar digirgir. Nemi wurare da yawa, ciki har da ɗaya a gida.

Mataki na bakwai: shiga fili

Binciken tsaro na iya jefa mai tambaya da mai amsa cikin haɗari. Jami'o'in waje ba za su bar ka ka fita ba sai kwamitin ɗa'ar bincike ya amince. A gida ko ba a tilasta maka ba, riƙe ƙa'idar da kanka.

Ɗauki wasiƙar gabatarwa daga sashe, ka shiga gari ta ƙofa: hakimi, dagaci, mai unguwa. A ƙauyukan Zamfara da Katsina, baƙon da ke tambaye-tambaye yana rubutu nan da nan ake masa kallon infoma, kuma wannan zargi ya ci rayuka. Nemi izini kafin ka kunna na'urar naɗar murya. In mutum ya yi jim, kashe ta ka rubuta da hannu. Kada suna na gaskiya ya shiga littafinka ko wayarka, domin a shingen bincike ana iya cewa buɗe. A kundi ya isa ka rubuta "wani ɗan sa-kai" da ƙaramar hukuma da wata. Tun Janairun 2022 gwamnatin Najeriya ta ayyana 'yan bindigar daji a matsayin 'yan ta'adda, don haka hulɗa da su na da hukunci a doka. Kada ka yi gaban kanka ba da sanin mai duba aikinka ba. Ke kuma 'yar'uwa, kina da damar da maza ba su da ita, ta shiga cikin gida da ɗakunan mata a sansanonin gudun hijira, inda labarin da ya fi muhimmanci yakan tsaya. Wadda ta fara kuka ana cikin hira, a dakata, kundi bai kai hawayenta ba.

Tanadi hanya ta biyu a daftarinka, domin garin da ake shiga yau gobe ana iya rufe hanyarsa. Mutanen da suka baro ƙauyukan suna nan a Gusau da Katsina da Maraɗi, ana iya hira da su a can. Gidan adana tarihi na ƙasa da ke Kaduna na da fayilolin lardunan Arewa tun zamanin Turawa, cike da rahoton satar shanu da rikicin burtali da na iyaka, kuma Arewa House na cikin garin. Kafin ka tafi, buga waya ka ji ranakun buɗewa da ko ana barin ɗaukar hoton takardu.